Ranar da Baba Ya Gyara Tsohuwar Hanya

Babanmu helman leburorin titi ne har ya yi ritaya, kuma ritayar a takarda kawai ta tsaya. In ka shiga mota da shi, to ka manta da hira. Kowane rami kuka wuce sai ya gaya maka abin da ya jawo shi, da wanda ya kamata a kora a kansa. A duk layinmu ƙofar gidanmu ce kaɗai ruwa ba ya kwanciya, kuma maƙwabta sun daɗe da daina mamaki in sun fito da safe sun tarar an cike musu ramin da ke bakin ƙofa ba su roƙi kowa ba.

Shi ya yi ta zirga-zirga wajen tsofaffin iyayen gidansa har Auta, ƙanena, ya samu aiki a kamfanin gina tituna bayan ya gama karatu. Baba ya zaga dangi kaf yana sanar da su ɗan lebura ya zama injiniya. Ba a rufa shekara ba Auta ya ajiye musu hular kwanonsu, ya tafi wani ƙaramin gari ya kama aiki a gandun daji, inda ake adana itatuwa da wata tsohuwar hanya ta mutanen da. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Yana amsa gaisuwar Auta a waya, yana tambayarsa lafiya, har ruwan sama yana tambayarsa ko ana samu. Amma in wani ya ce, “Helma, ina injiniya yake aiki yanzu?” sai ya ce, “Ba ya aiki. Yana can yana shan iska.”

Auta ba mai magana ba ne, tun yana yaro sai an matsa shi kamar man goge baki. Shi ya sa ranar da ya kira ni ya yi doguwar magana na ajiye abin da nake yi na zauna.

“Yaya, ni ba na neman komai,” ya ce. “Baba ya zo ya gani da idonsa kawai. In ya gani ya ce ba aiki ba ne, shi ke nan, na haƙura. Amma ya zo.”

Na ji yadda muryarsa ta yi, raina ya ɓaci. Na kai wa Mama maganar, ta ce, “Ki kai shi ko a but ɗin mota ne.”

Ban sha wahala ba. Na ce wa Baba akwai wata hanya a wajen su Auta, ta girmi kakan kakansa, kuma tun da aka yi ta ba a taɓa yi mata gyara ba. Ya sauke rediyo daga kunnensa.

“Wane ne ɗan kwangilar?”

“Ya rasu, Baba.”

“Ya huta,” ya ce. Ya tashi ya shiga neman takalminsa.

Garin titi ɗaya gare shi. Kantin magani, shagon aski, gidan mai mai famfo ɗaya da wani mutum yana barci a jikinsa, sai ka fita. Gandun yana bayan gari, da ƙofar katako da ɗan ofis. A cikin ofishin akwai tebur, butar shayi, hotunan tsuntsaye a bango, da wani akwatin gilashi da aka jera tsatsattsun ƙusoshi da guntun ƙarfen ƙafar amalanke. Baba ya leƙa akwatin ya ce a gidanmu ma akwai irinsu a bayan ɗakin girki, ba mu dai sa musu gilashi ba.

Auta ya fito cikin koren kaki ya durƙusa har ƙasa. Baba ya amsa, ya dube shi daga sama zuwa ƙasa.

“Kakin ya yi maka yawa.”

“Haka suka ba ni, Baba.”

“To.”

Gaisuwar uba da ɗa ke nan bayan an daɗe ba a haɗu ba. Na ce mu je mu ga abin da ya kawo mu kafin in faɗi wata magana.

Hanyar tana farawa daga bayan ofis ta gangara cikin itatuwa. Siririya ce, mota ɗaya ma da ƙyar, an shimfiɗe ta da manyan duwatsu. A jikin duwatsun akwai kwari guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suna tafiya tare har inda ido ya tsaya, zurfinsu ya kai idon sawu. Auta ya tsaya a gefe ya gyara murya. Ya ce da can ta nan ake sauko da katako da duwatsun gini daga tudu zuwa bakin kogi, a kan amalanken shanu masu ƙafafun ƙarfe. Ba wanda ya sassaƙa kwarin nan, ƙafafun ne suka ci dutsen a hankali, uba ya bi, ɗa ya bi, jika ya bi.

“Wannan sawun shi mutane suke zuwa gani,” ya ce.

Baba ya tsuguna. Ya sa hannu cikin kwarin ya auna, ya kwantar da kai ya hango gangaren da ido ɗaya.

“Ba lambatu,” ya ce. “Ba kwalbati. Tsakiyar ba tudu. In an yi ruwa ina zai bi?”

“Ta cikin sawun yake bi, Baba. Haka aka same ta.”

“Kowace hanya haka ake samunta. Shi ya sa ake ɗaukar ma’aikata.”

“Mu namu shi ne mu hana ta canzawa.”

Baba ya miƙe ya kaɗe gwiwa. “Wato ka tashi da safe, ka sa kaki, ka zo ka tabbatar ba a yi komai ba.”

Kamar da gayya, daidai lokacin wani mutum da matarsa suka taho suna tura keken jariri, ƙafar keken ta faɗa cikin kwarin ta maƙale, jaririn ya tsala ihu. Baba ya riga uban yaron kai hannu, ya ciccibo keken ya fitar. Auta ya ba su haƙuri, ya nuna musu ’yar hanyar tsakuwa da aka yi a gefe don masu keke da tsofaffi. Baba ya kalli Auta, ya kalli ramin, ya sake kallon Auta.

Da Auta ya ce mu shiga daji ya nuna mana hanyoyin ƙafa, Baba ya ce gwiwarsa ta motsa, mu je mu dawo. Akwai benci a bakin tsohuwar hanyar, ya zauna. A bayan bencin akwai tarin tsakuwa gauraye da jar ƙasa, da baro, da shebur a soke a ciki. Na ’yar hanyar gefen ne, abokin aikin Auta ya fara zubawa aka kira shi gida. Na ga baro, na ga shebur, na ga Baba, na ajiye masa filas ɗin shayi na bi Auta. Mai hankali ce ni a wasu ranakun.

Dajin kam ba laifi. Sanyi, inuwa, ƙasa mai laushi da ganye ya rufe. An ɗiga fenti a jikin itatuwa don kada mutum ya ɓata, ja na doguwar hanya, shuɗi na gajera. Na ce shuɗi, don takalmin da na sa na zuwa biki ne. Mun tarar da wani ƙaton icce ya faɗi ya kwanta yana ruɓewa, na ce wannan ai asara ce, itacen girkin unguwa guda. Auta ya ce ba a taɓawa, gidan ƙwari ne, ƙwarin kuma abincin tsuntsaye. Na ce madalla, ƙwari sun samu gwamnati.

Amma fa yaron nan ya canza. Auta da ake roƙo ya ce “ina kwana,” shi ne yake ta zuba kamar rediyo. Ya san icen da tsawa ta taɓa, ya san inda mujiya take kwana, ya san gadar katakon da ya sake wa ƙusa da hannunsa. Ya tsayar da ni ya ce in yi shiru in ji, na yi shiru ban ji komai ba, ya ce to shi ne. Tun da aka haife shi ban taɓa ganinsa cikin jin daɗi irin na ranar ba, kuma sai na ji tausayinsa ya kama ni.

A kan gadar ya jingina ya ce, “Yaya, kina ganin wurin ya yi masa?”

“Ai bai yi faɗa ba.”

“Ya ce ba na komai.”

“Ni ma haka yake ce min, ga ni da ’ya’ya uku.”

Ya yi ’yar dariya. Muna kan hanyar dawowa na fara jin wani sauti daga nesa, dim, dim, dim, a jere ba gaggawa. Na ce wannan kuma wane tsuntsu ne. Auta ya karkata kai ya saurara, ya ce ba su da irinsa. Ni kuwa kafin ya rufe baki na gane, don da wannan sautin na riƙa farkawa duk damina ina yarinya. Daɓe ne. Na cire takalmi na riƙe a hannu muka zuba da gudu.

Baba ya cire rigarsa ta fita unguwa ya ninke a kan benci, daga shi sai singileti, ya naɗe ƙafar wando. Gwiwar ta warke sarai. Ya samo wani guntun kututture yana ɗagawa yana bugawa. Tun daga benci har kwanar farko babu sauran kwari, dama da hagu, an cike an daɓe, sumul kamar tsakar ɗaki. Har lebura ya samu: mutumin nan mai keken jariri ne yake turo masa baro, gumi sharkaf, matarsa tana gefe tana ɗaukar su hoto. Daga baya mutumin ya ce shi ya ɗauka aikin yana cikin abubuwan da ake shirya wa baƙi.

Baba ya hango mu ya jingina kututturen a ƙafarsa. Fuskarsa a sake, rabon da in ga haƙoransa haka tun kafin ritaya.

“Na ɗan taɓa maka,” ya ce wa Auta. “Ba a gama ba, tsakuwar ta kusa ƙarewa. In ka samo tifa ɗaya, ni da kai, kafin jibi mun kai bakin kogi.”

Ni da kai. Nan na gane abin da ya faru. Ba raini ne ya sa shi ba. Sulhu ya zo yi, kuma abin da yake da shi ke nan ya bayar. Mutumin da bai iya cewa “na yi kewarka” ba ya cike wa ɗansa rami.

Auta ya tsaya yana kallon hanyar.

“Baba, ajiye kututturen,” ya ce.

“Saura nan wajen, bai zauna ba.”

“Ajiye, ka fito daga kan hanyar.”

Mai keken jariri ya saki baro a hankali, ya ja matarsa suka yi gaba. A gidanmu ba a taɓa yi wa Baba magana da wannan muryar ba, ko Mama sai ta kewaya.

“Da ni kake?” Baba ya ce.

“Da kai nake, Baba. Ka ɓata ta.”

“Na ɓata?” Ya waiwaya ya dubi aikinsa, ya dawo da ido. “Na yi aiki a ƙarƙashin injiniyoyi masu zagi, da masu jifa da hula. Ba wanda ya taɓa ce min na ɓata aiki.”

“Abin da aka ba ni in tsare ke nan, shi kaɗai. Ka binne shi.”

Na shiga tsakani na ce haba Auta, a bi a hankali mana, ai ba da mugun nufi ya yi ba. Ya ce, “Yaya, ke ma fito, a kai kike tsaye.” Na duba, a kai nake tsaye. Na fito ina jin haushinsu su biyun, da na kaina.

Baba ya ajiye kututturen ya hau gefe. Auta ya ciro waya ya kira shugabarsu, bai ko matsa nesa ba, muna jin komai.

“Ranki ya daɗe, an samu matsala a tsohuwar hanya. An cike sawun, daga benci zuwa kwana.” Ya saurara. “A’a, ba ’yan makaranta ba ne. Mahaifina ne.” Ya sake saurarawa, wannan karon ya daɗe. “Ni na bar shi a wurin. Eh. Zan kwashe da hannu. Na gane, ranki ya daɗe.”

Ya kashe. Na ce me ta ce. Ya ce gobe da safe za ta zo ta gani, in dutse ɗaya ya ƙwarzane to za su zauna a kan maganar zamansa a wurin. Ya faɗa ne kamar yana ba da labarin wani. Ya wuce ofis ya dawo da igiya da turaku, da bokiti, da cokalin magina, da burushi. Ya kafa turakun ya zagaye wurin da igiya, ya shiga ciki ya durƙusa.

Ba a sa diga, ba a sa shebur, don kada a ji wa dutsen ciwo. Da bakin cokali yake ƙwaƙulowa, ya tara a tafin hannu, ya zuba a bokiti, ya share da burushi. Ga shi aikin Baba ne, ba ya tashi da wasa. Da wani malalacin ne ya zuba, da ƙafa ma sai a ture. Wannan kuwa ya kama kamar siminti.

Na ce, “Baba, tashi mu tafi, hanya da nisa.”

Ya ɗauki rigarsa ya sa, ya ɓalla maɓallai har wuya, ya koma kan benci ya zauna. Na sake magana, ko kallona bai yi ba. Na zuba masa shayi, ya riƙe kofin har ya huce. Na zauna kusa da shi ina cika ina batsewa, ga ƙafafuna duk ƙaya.

Mun daɗe a haka. Auta bai ɗago ba ko sau ɗaya. In bokiti ya cika ya ɗauka ya kai bayan benci ya juye, ya wuce ta gabanmu kamar ba mu nan. Na ga ’yan yatsunsa sun fashe. A bayansa kuwa kwarin yana fitowa kaɗan-kaɗan, dutsen ciki santsi, har da wani siririn layi a gefe inda ƙarfe ya taɓa gogawa. Wajen da bai fi tsawon tabarma ba ya ci masa lokacin da Baba ya yi aikin gaba ɗaya.

“Daga tudu ya fara,” Baba ya ce, ba da ƙarfi ba.

“To sai me?” na ce.

“In ruwa ya sauko ba zai wanko ƙasa cikin inda ya gama ba.” Ya juya kofin a hannunsa. “Haka ake yi.”

Can ya ajiye kofin ya tashi. Ya taka har bakin igiya ya tsaya, hannunsa a baya.

“Auta.”

“Na’am, Baba.”

“Miƙo min cokali ɗaya. Ni na zuba, na san yadda ta kwanta.”

Wallahi na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan an gama. A tarihin gidanmu wannan shi ne ban-haƙuri mafi tsawo da Baba ya taɓa yi. Auta bai ɗago ba.

“Ba a yarda baƙo ya shiga ba, Baba.”

Da ina kusa da shi da na mare shi, da girmansa da kakinsa. Tsoho ya sauko har ƙasa, kai kuma ka tsaya karanta masa doka? Na miƙe na ɗauki jakata, don na san Baba, yanzu zai juya ya nufi mota, kuma daga nan har abin da hali ya yi ba za a sake jin sunan gandun nan a bakinsa ba. Baba bai juya ba. Ya tsaya riƙe da igiyar da hannu ɗaya yana kallon ƙeyar ɗansa.

Ana haka wata bas ta sauke baƙi a ƙofa, suka gangaro da hayaniya da huluna da kyamarori. Na gabansu wani mai tumbi ne, ya iso bakin igiya bai ko rage tafiya ba, ya ɗaga ƙafa zai tsallaka. Baba ya miƙa hannu ya tare masa ƙirji.

“Malam, ina zuwa?”

Muryar nan ce ta da, wadda take tsayar da tifa daga nesa. Mutumin ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

“Hoto kawai zan ɗauka, Baba.”

“Ɗauka daga nan. Ga hanyarku can ta gefe, a bi a hankali, kada a taɓa igiya. Ba ka ga ana aiki ba?”

Mutumin ya sauke ƙafa ya ja da baya. Ya dubi rigar Baba, ya dubi takalminsa.

“Yi haƙuri, ban sani ba. Kai ne mai kula da wurin?”

“A’a, ni baƙo ne,” Baba ya ce. Ya nuna da haɓa. “Ma’aikacin ga shi can. Ɗana ne.”

Burushin Auta ya tsaya. Bai ɗago ba, bai juyo ba. Ya daɗe a durƙushe a haka, sannan ya goge fuska da kafaɗar kakin, ya ci gaba da shara. Ni kam kuka ya ƙwace min a gaban mutanen bas, na koma kan benci na zauna ina yi ba kunya, wata mata har ta miƙo min ruwa.

Baba bai bar bakin igiyar ba har aka rufe ƙofa. Duk wanda ya gangaro sai ya nuna masa hanyar gefe.